Shin Wanki da Yanke Ruɓa Sun Wadatar Wajen Tuffa?

Tambaya: Malam, nakan matse ruwan tuffa domin yarana ƙanana. Ina wanke ta sosai, in yanke inda ya ruɓe, sannan in tafasa ruwan. Shin hakan ya wadatar, ko akwai gwajin da zan iya yi a gida?

Amsa: Malama, abubuwa biyu ne ake bincikawa a jikin tuffa, kuma babu ko ɗaya da ido ko harshe zai iya tabbatarwa, sai ɗakin gwaje-gwaje.

Na farko shi ne ragowar maganin feshi. Akan ɗebi tuffa aƙalla goma waɗanda nauyinsu ya kai kilo ɗaya, a markaɗe su har da ɓawo, a tatso sinadaran ta hanyar da ake kira QuEChERS wadda aka wallafa a shekarar 2003, sannan na'ura ta rarrabe su, ta auna kowanne. A Tarayyar Turai, maganin da ba a sanya masa iyaka ta musamman ba, ba a yarda ya wuce miligiram 0.01 a kilo ba. Wanki da ruwa mai gudu yana rage abin da ke saman ɓawo, ferewa kuma ta fi shi, domin wasu magungunan suna ratsa ɓawon.

Na biyu, wanda a ganina ya fi cancantar damuwarki, shi ne gubar fatulin. Wata fumfuna mai suna Penicillium expansum ce ta fi samar da ita. Takan shiga ta inda tuffa ta bugu ko ƙwaro ya huda ta, ta haifar da ruɓa mai laushi, ruwan ƙasa, wadda daga baya kan yi tabo shuɗi-kore. Sanyin ma'ajiya yana rage mata sauri, amma ba ya hana ta yaɗuwa. Gubar ba ta tsayawa iyakar inda ruɓar ta bayyana, tana ɗan malala cikin naman da ke kusa, wani lokaci ma ruɓar tana can tsakiya wajen 'ya'yan alhali waje lafiya lau. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zafi bai cika lalata ta ba, musamman a cikin ruwa mai tsami irin na tuffa, don haka tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne, ta bar mafi yawan gubar.

Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka sun sa iyakar fatulin mikirogiram 50 (mikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram) a kowane kilo na ruwan tuffa, Tarayyar Turai kuwa ta sauko da ita zuwa 10 a abincin jarirai da ƙananan yara, saboda yaro yakan sha da yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ƙiyasta a 1995 cewa kada abin da mutum ke ci a rana ya wuce mikirogiram 0.4 a kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 12 ke nan zai iya zarce wannan da ƙaramin kofi ɗaya na ruwan da gubarsa ta kai mikirogiram 50 a kilo.

Shawarata ita ce ki raba kowace tuffa biyu ki duba cikinta kafin ki matse, duk wadda kika ga ruɓa a jikinta, komai ƙanƙantarta, ki jefar da ita gaba ɗaya idan yara ne za su sha.