Hukuncin mayar da ƙwayar fata matsayin ƙwayar ɗan tayi

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar halittu. An koya mana cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fatar mutum a mayar da ita kamar ta ɗan tayi, ta yadda za ta iya zama jijiya ko tsoka ko jini. Wannan ba canza halittar Allah ba ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, sai an gane abu kafin a yanke masa hukunci. Kwana 5 zuwa 6 bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai, akwai wasu 'yan ƙwayoyi a cikin ɗan tayin da ba su riga sun ɗauki hanya ba. Abin da ke riƙe su a haka wasu sunadarai ne, Oct4 da Sox2 da Nanog, masu kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu. Da sun lafa, kowace ƙwaya sai ta kama aikinta. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya cusa huɗu daga irinsu, Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, cikin ƙwayoyin ɓera suka koma baya, a 2007 aka yi da na mutum.

Yamanaka bai halitta komai ba. Sababi ya gano wanda Allah Ya riga Ya ajiye a jiki. Canjin da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga shi ne na biye wa Shaiɗan da ɓarna, alhali neman magani Annabi (SAW) ya yi umarni da shi. Don haka halal ne, matuƙar mai fatar ya yarda kuma cutarwa ba ta rinjayi amfani ba. Sharaɗin nan ba ado ba ne: c-Myc na da alaƙa da ciwon daji.

A ganina wannan hanya ta ma fi ciro ƙwayoyi daga ɗan tayi tsarki, domin waccan tana lalata shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) a Makka, a 2003, ta halatta ciro ƙwayoyi daga ragowar ƙwan dashen ciki, wato wanda aka haɗa da maniyyi a wajen mahaifa, idan iyaye sun bayar, ta haramta zubar da ciki da gangan don wannan. Mu Malikawa dama muna hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko kafin kwana 40.

Inda zan ja miki layi shi ne kwafar mutum, wato samar da mutum mai ƙwayoyin gado iri ɗaya da na wani, ko haɗa ƙwai da maniyyi daga waɗannan ƙwayoyi tsakanin waɗanda ba ma'aurata ba, don nan nasaba ke rikicewa. Ki ci gaba da karatunki. Wallahu a'alam.