Bikin Ƙanƙara da Kwana a Riyokan: Yaya Musulmi Baƙo Zai Yi a Hunturun Japan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wurin aikina za su tura ni taro Tokyo a farkon Fabrairu, kuma bayan an tashi ina da kwana shida a hannuna. Uwargida za ta biyo ni. Ta ga hotunan gine-ginen ƙanƙara na Sapporo, ta ce sai ta gani da idonta. Ni kuma a masaukinsu na gargajiya nake sha'awar kwana, sai dai an ce mini a can tsirara ake wanka cikin jama'a, kuma girkinsu ba ya rabuwa da giya. Mu da sanyin Jos ne iyakar abin da muka sani, anya za mu iya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ku iya, kuma lokacin taron naka ya faɗo daidai, domin a farkon Fabrairu ake bikin Sapporo, ana kuma shafe kusan mako guda ana yi. Amma tun yanzu in gaya maka ra'ayina: bikin yini ɗaya da dare ɗaya ya ishe shi. Abin da zai zauna muku a rai bayan kun dawo shi ne kwanan da za ku yi a masaukin nan da suke kira riyokan, kuma shi ne ya fi bukatar shiri tun daga gida.

Sapporo ita ce babban birnin tsibirin Hokkaido, can arewacin ƙasar. Daga Tokyo tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama zuwa filin New Chitose, sai jirgin ƙasa ya shigar da ku gari cikin minti arba'in ko makamancin haka. Bikin ya faro ne a 1950, lokacin da 'yan makarantar garin suka gina siffofi shida da dusar ƙanƙara a dandalin Odori. A 1955 sojojin ƙasar suka sa hannu, daga nan aka fara manyan gine-ginen da uwargida ta gani a hoto, waɗanda wasu kan kai tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar. Wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a birnin a 1972 su suka fito da sunansa duniya. Yanzu mutane wajen miliyan biyu ke zuwa duk shekara, saboda haka otal yakan yi tsada, ya kuma ƙare da wuri. In ba ka kama ɗaki ba tukuna, ajiye karatun nan ka je ka kama.

Dandalin Odori dogo ne, kimanin kilomita ɗaya da rabi, ya ratsa tsakiyar gari. Ku zaga shi da rana, ku huta, ku sake fitowa bayan magariba idan an kunna fitilu, don abu biyu ne daban. A unguwar Susukino kuma ake jera sassaƙen ƙanƙara mai garai-garai kamar gilashi. Unguwar mashaya ce, ku leƙa da wuri ku wuce. Kada ku ce bari ku zo bayan an watse don gudun cinkoso. Da an rufe biki ake kawo manyan motoci a rushe komai.

Daren na biyu ku ba Otaru, wani tsohon garin bakin teku da bai kai awa ɗaya daga Sapporo a jirgin ƙasa ba. Tun 1999 suke nasu bikin a Fabrairu, kuma kwanakinsa kan haɗu da na Sapporo. Babu manyan gine-gine. Kyandirori ne kawai ake kunnawa cikin 'yan kwanukan da aka ƙera da dusar ƙanƙara, a jera su gefen tsohuwar mashigar ruwan garin, wasu kuma suna yawo a kan ruwan. Ni na fi son wannan, don a nan ne mutum zai ji shirun da dusar ƙanƙara ke saukarwa a gari.

Da kwanakinku za su kai tsakiyar wata, da na tura ku Yokote a lardin Akita, inda ake gina bukkokin ƙanƙara da ake kira kamakura, al'adar da ta haura shekara 400. Yara ke zama a ciki suna kiran masu wucewa su shigo su ci gasasshen mochi, wato curin shinkafa mai danƙo, su sha amazake mai ɗumi. A cikin kowace bukka akwai ɗan gurbin da suka keɓe wa abin bautarsu na ruwa. Ka gaisa, ka yi godiya, ba wanda zai tilasta maka wani abu. Amazake kuwa iri biyu ne: akwai na shinkafa zalla, akwai wanda ake yi da dusar da ta rage bayan an tace giyar sake. Ka tambaya kafin ka kai baki, don a Odori ma za ka gan shi ana sayarwa.

Batun sanyi. A Fabrairu ma'aunin zafi a Sapporo yakan yini a kusa da sifili, da dare ya sauka zuwa shida ko bakwai a ƙarƙashinsa. Babbar riga guda mai kauri ba ita ce dabara ba, domin cikin shaguna da jiragen ƙasa da ɗumi sosai, sai ka yi ta gumi. Ku sa kaya hawa-hawa: na ciki mai kama jiki, rigar sanyi, sannan kwat mai tare iska, da safar hannu da hular da ke rufe kunne. A kowane ƙaramin kanti ana sayar da kairo, wata 'yar jaka da ke ɗaukar zafi da zarar an buɗe ledarta, a sa a aljihu. Abin da ya fi sanyin haɗari shi ne santsi. Ku sayi ƙusoshin hana santsi da ake ɗaura wa takalmi, ku riƙa taku gajere-gajere. In sanyi ya ci ƙarfinku, akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa daga tashar Sapporo har Odori da Susukino.

To, riyokan. Garin riyokan mafi kusa da Sapporo shi ne Jozankei, kamar awa ɗaya a bas, ko Noboribetsu mai warin farar wuta. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai. Akwai wani a lardin Yamanashi, Nishiyama Onsen Keiunkan, da aka kafa tun shekarar 705. Kuɗin da za ka gani a shafinsu na mutum ɗaya ne, ba na ɗaki ba, kuma yawanci ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Ku isa wajen ƙarfe uku ko huɗu na yamma, don abincin dare na da ƙayyadadden lokaci, tsakanin shida da bakwai, kuma mai girki ba ya jiran wanda ya makara. A ƙofa ake cire takalmi a ba ka silifa. A bakin tabarmar tatami ita ma silifar a cire ta. Banɗaki na da tasa silifar daban, kuma fitowa da ita tsakar gida shi ne abin kunyar da kusan kowane baƙo ke yi sau ɗaya. Za a ba ku yukata, rigar auduga ta zaman gida. Ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, don akasin haka gawa ake yi wa. Uwargida za ta iya sa ta a kan kayanta da hijabinta, ba mai ɗaga mata ido. Yayin da kuke cin abinci za a shimfiɗa muku katifar futon a ƙasa. Ba a ba da tukwici.

Abin da aka gaya maka game da wanka gaskiya ne. Babban wurin wankan ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, wato onsen, an raba maza da mata, amma kowa tsirara yake shiga, kuma ba a yarda a tsoma tawul ko gajeren wando cikin ruwan ba. Saboda haka maganar rufe al'aura a can ba ta taso ba, kada ka je ka tsaya jayayya. Mafitar ita ce kashikiri, wurin wanka na keɓe da ake kama wa iyali na minti arba'in da biyar ko awa ɗaya, ku kulle ƙofa daga kai sai uwargida. In aljihu da nauyi, ka kama ɗakin da ke da nasa kwamin wankan a baranda. Ka tabbatar masaukin na da ɗaya daga cikin biyun kafin ka biya. A wanke jiki tas da sabulu a wurin zaman da ke gefe kafin a shiga, don kwamin na jiƙa jiki ne kawai. Ruwan yakan kai digiri 40 zuwa 42. Minti goma ka fito ka sha ruwa, mai hawan jini kuma ya tuntuɓi likitansa tukuna.

Abinci ne ya fi wuya. Abincin daren riyokan, kaiseki, ƙananan kwanuka ne da yawa da ake kawowa bi da bi, a hunturu galibi kifi, ƙaguwa da kayan lambu. Naman alade da sauƙin kaucewa. Abin da ke ɓoye shi ne mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi ta girki, da sake, waɗanda ake zubawa a romo da miya kamar yadda muke jefa daddawa. Ka rubuta musu aƙalla mako biyu kafin zuwa: ba ku cin nama kowane iri, kifi da ganye kawai, kuma kuna so a yi girki ba mirin ba sake. Wasu za su amsa, wasu za su ce ba za su iya ba. Wanda ya ce ba zai iya ba gaskiya ya gaya maka, sai ka nemi wani, ko ka kama kwana ba abincin dare. Shahararriyar taliyar ramen ta Sapporo kuwa yawanci da ƙashin alade ake romonta, sai a shagon da ya rubuta halal. Akwai masallaci a Sapporo, jama'arsa za su nuna muku inda suke ci.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. Tatami a tsabtace yake tunda takalmi ba ya hawa, yawancin banɗakuna na da abin feshin ruwa na tsarki, filayen jirgin Narita da Haneda kuma suna da ɗakin salla. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, don haka la'asar na saurin kuɓucewa wanda ya shagala da kallo. A wasu shekarun azumi kan faɗo a Fabrairu, ka duba kalanda kafin ka yanki tikiti. Sannan ka manta da "gabas" ɗin da bakinmu ya saba: daga Japan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa, sai ka buɗe manhajar wayarka kafin ka shimfiɗa darduma.