Musayar mahaɗi (link) da shafin aboki tana ɗaga matsayi a Google?

Malam, ka tambaya ko Google zai ɗaga ku in ka sa mahaɗin shafin abokinka shi ma ya sa naka, da kuma ko sai an yi wa mahaɗin alama.

Gaskiya amfanin kaɗan ne. Google na ɗaukar mahaɗi kamar shaidar da wani ya yi maka, shaidar ba-ni-in-ba-ka kuwa ba ta da nauyi. In harkarku ta haɗu, kana sayar da atamfa shi yana ɗinki, sa abinka. Matsalar ita ce musaya da shafuka barkatai don kawai a hau sama. Dokokin Google sun sa wannan cikin maguɗi, tun 2012 kuma da suka fito da Penguin, tsarinsu na gano mahaɗan maguɗi, suke farautar irinsa.

Batun alama, wato ɗan rubutun da ake liƙa wa mahaɗi don Google ya gani, rel="nofollow" ta fito a 2005, ma'anarta ba ka tsaya wa shafin ba. A 2019 aka ƙaro rel="sponsored", ita ake sawa in kuɗi ya shiga tsakani. Ka riƙa leƙa shafin abokin naka dai, don wasu sukan lallaɓa su liƙa wa naka nofollow alhali kai ka bar nasu a sake.