Hukuncin Kallon Anime da Buga Wasannin Bidiyo na Japan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne, shekarata 22. Tun ina firamare nake kallon anime. Na fara da Dragon Ball, na bi Naruto har ƙarshensa, yanzu ina kan One Piece. Ina kuma buga wasannin Nintendo da PlayStation, da wasu a waya. Malam ba zan ɓoye maka ba, ina son abin nan har cikin raina: kyawun zanen, da labaran abota da juriya da rashin sarewa. Har Japananci na fara koya. To yayana ya ce duka haram ne, hoto ne kuma shirka ce, in goge komai. Sannan a wasan waya nakan sa kuɗi in ja abin da ake kira gacha. Mene ne hukuncin duk wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka, domin fatawa ba ta yin daidai sai an san halin mai tambaya.

Asalin wasa da nishaɗi halal ne. Hanzala ya je wurin Manzon Allah (SAW) yana tsoron ya yi munafunci saboda in ya koma gida yakan shagala da iyali da dukiya, sai aka ce masa: lokaci kaza na wannan, lokaci kaza na wancan. Muslim ne ya ruwaito. Habashawa kuma sun yi wasa da mashi a cikin masallaci, Nana Aisha tana kallo daga bayan Annabi (SAW). Shi anime suna ne na zane mai motsi irin na mutanen Japan, wanda ya kankama a talabijin tun 1963 da aikin Osamu Tezuka. A ƙarƙashin sunan nan akwai labarin yaro mai son ƙwallo, akwai na manomi, akwai na yaƙi, akwai kuma ƙazantar da bakin mutumin kirki ba zai iya faɗa ba. Kamar kasuwa ce, ana sayar da dabino a wata rumfa, ana sayar da giya a wata. Ba a haramta kasuwar gaba ɗaya, ana duba rumfar da ƙafarka ta tsaya.

Maganar hoto da yayanka ya kawo tana da tushe, kada ka raina ta. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sura suna cikin Buhari da Muslim. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun bambance: abin da suka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, cikakkiyar halitta, wato gunki ko mutum-mutumi. Zanen da ke shafe a takarda ko bango bai kai haram ba a wurinsu, iyakarsa karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa a kan mai zanawa. Amma kai mai kallo ne, kuma abin da kake kallo haske ne da ke wucewa a fuskar waya, ba a rataye shi don girmamawa ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai biyu a cikin 'yan tsanar Nana Aisha, ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Don haka ban ga haramcin kallon ta wannan fuskar ba. Inda zan tsaya tare da yayanka shi ne 'yan gumakan jaruman anime da samari ke saye suna jerawa a kan tebur. Waɗannan suna da jiki da inuwa, rangwamen kuwa na wasan yara ne. Baligi ya fitar da su daga ɗakinsa.

Batun aƙida ya fi wannan nauyi. Mutanen Japan sun taso cikin addinin Shinto da na Budda, kuma Shinto cike yake da abubuwan bauta da suke kira kami, na dutse da kogi da rana. Wannan yana shiga labaransu kamar yadda gishiri ke shiga miya. Kai da ka gama Naruto ka san Amaterasu da Susanoo da Tsukuyomi a matsayin sunayen dabarun faɗa. To sunayen gumakansu ne, Amaterasu ita ce suke cewa allahiyar rana. A Dragon Ball ana tara ƙwallaye bakwai a roƙi wani dodo ya ta da matacce. Ganin irin wannan ba ya fitar da Musulmi daga addini matuƙar zuciyarsa ta san ƙarya ce, kamar yadda kakanninmu suka ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dodanni masu magana ba wanda ya ce sun kafirta. Amma yaro ɗan shekara shida bai da wannan ma'aunin. Kada ka bar ƙannenka su zauna gaban irin wannan su kaɗai, kuma kai ma ka lura da harshenka: kada ka saba kiran wani halitta da sunan allahntaka ko da a wasa ne. In kuwa labari ya kai ga yi wa Allah ko annabawa ko mala'iku izgili, aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta yanke magana, ba a zama a wurin. Ka kashe, kada ka koma.

Irin haka ta taɓa faruwa. A 2008 an gano shafukan Alƙur'ani a hannun mugun labarin a wani anime mai suna JoJo's Bizarre Adventure, kamfanonin suka nemi afuwa, suka ce masu zanen ba su san abin da rubutun Larabcin ya ƙunsa ba, suka dakatar da sayar da shi. Nintendo ma ta cire wani sauti mai kama da zikirin Musulmi daga wasan Zelda na 1998. Na kawo maka wannan don ka riƙa kallo da idon da ke farke.

Tsiraici ba ya zama halal don an zana shi da alƙalami. Umarnin runtse ido a Suratun Nur don tsare zuciya ne, zuciya kuwa ba ta tambayar ko hoton na kyamara ne kafin ta motsa. Ka san irin anime ɗin da nake nufi, wanda ake zana 'yan mata da tufafin da bai rufe komai ba don jan samari. Wannan haram ne kai tsaye. Labarin da jigonsa mai tsabta ne amma irin wannan ya gifta jefi-jefi, ka tsallake wurin. In ya yawaita har tsallakewar ta zama aiki, bar labarin. Kiɗan da ke farkon kowane kashi ma, mafi yawan malamai ba su halatta kayan kiɗa ba, kuma tsallake shi danna yatsa ɗaya ne.

Yanzu gacha, wadda ka sa a ƙarshen tambayarka alhali ita ce ta fi damuna. Kafin in amsa maka na sa wani ɗan ƙanena ya nuna mini yadda take. Ya sayi duwatsun wasan (su ne kuɗin cikin wasan) da kuɗinsa, ya danna, fuskar wayar ta cika da walƙiya da ƙara, ya riƙe numfashi, sai ga jarumin da yake da shi tun tuni ya sake fitowa. Na ga yadda fuskarsa ta faɗi, na kuma ga babban yatsansa ya koma kan maɓallin kafin ya ce uffan. Na taɓa ganin wannan yatsan a hannun masu karta.

Sunan ya samo asali ne daga injinan gachapon na Japan, ka jefa tsaba, ka murɗa, ƙwanso ya faɗo da abin wasan da ba kai ka zaɓa ba. Ka ba da kuɗi sananne don abin da ba ka sani ba, kana fatan mai tsada, galibi kana samun marar amfani. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin jefa tsakuwa da cinikin garari, wato wanda ba a san abin da za a samu ba, kuma aya ta 90 a Ma'ida ta haɗa caca da giya a wuri ɗaya. Za a ce maka ai kullum kana samun wani abu, ba ka tashi hannu rabbana ba. Amsa ita ce ba don wannan abin ka biya ba, ka biya ne don sa'a. Hatta hukumar kare masu saye ta Japan ta hana wani nau'inta mai suna kompu gacha a 2012, Beljiyam kuma a 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a matsayin caca. A 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta wasan Pokémon, kuma caca da katunansa tana cikin dalilan da aka bayar. Hukuncina shi ne sa kuɗi a ja gacha haram ne. Wadda wasan ya ba ka kyauta ba caca ba ce tunda ba ka yi asarar dukiya ba, sai dai tarko ce da ake ɗana maka don ka saba. Sayen abu sananne da farashi sananne a cikin wasa ya halatta in babu almubazzaranci. Abin da ka kashe a baya ka yi istigfari, ka cire katin bankinka daga wayar yau ɗin nan.

Saura lokaci. Imamu Malik ya ce babu alheri a wasan shaɗaranji (wato chess), Imamu Shafi'i ya tsaya a karhanci, kuma abin da duk suke tsoro shi ne wanda aya ta 91 a Ma'ida ta ambata: kange mutum daga ambaton Allah da salla. One Piece ya haura kashi 1000, kowanne kusan minti 24, ka ga ya wuce awa 400 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Ni ma'aunin da zan ba ka mai sauƙi ne: sahun asuba, da sakamakon jarrabawarka, da kiran mahaifiyarka. Ranar da ka ji ta kira ka, ka ce bari in gama wannan zagayen, ko ka farka rana ta fito saboda kashi ɗaya ya zama goma, wasan ya haramta a kanka a wannan ranar ko da a kan waninka halal ne.

Japanancin da ka fara, ka ci gaba. Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa da umarnin Annabi (SAW). A Japan akwai Musulmi, masallacin Kobe yana tsaye tun 1935, kuma mai jin harshensu yana da abin da zai amfanar da su da shi, ya kuma amfana da iliminsu na ƙere-ƙere.

Yayanka kuma kishin addininka yake yi. Kada ka kai masa wannan amsar kamar wanda ya ci gardama. Ka gaya masa ka daina gacha, ka fitar da 'yan gumakan in kana da su, ka buɗe masa wayarka ya ga abin da ka goge da abin da ka bari, ka kuma roƙe shi ya riƙa tashinka da asuba.

Wallahu a'alam.