Hoton ƙwaƙwalwar Baba: MRI ko CT?

Tambaya: Mahaifinmu shekarunsa 71, muna zaune a Anguwan Rogo, Jos. Kusan shekara guda ke nan yana maimaita tambaya ɗaya sau uku, wani lokaci ya rikice a raka'o'in sallah. Amma har yanzu shi ke cefane, yana lissafin kuɗinsa daidai. Yayanmu na Abuja zai turo kuɗin hoton ƙwaƙwalwa. MRI za mu yi, ko CT tunda ya fi araha?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku riƙe kuɗin Yaya tukuna, ku fara kai Baba gaban likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Hoto ba ya auna mantuwa. Tambayoyi ne ke auna ta, irin gwajin MoCA mai maki 30, sai gwajin jini, domin ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo kan jawo mantuwar da magani ke gyarawa. Ciwon damuwa ma haka.

Yadda kika kwatanta shi, Baba bai kai gigin tsufa ba, tunda yana ɗawainiyar kansa. Likitoci na kiran wannan matakin raguwar tunani mara tsanani. Wasu su wuce zuwa cutar Alzheimer, wato nau'in gigin tsufa da ya fi yawa, wasu su tsaya nan shekaru, wasu ma su farfaɗo.

In likita ya rubuta hoto, ni dai MRI zan zaɓa. Can cikin ƙwaƙwalwa, ta gefen kunnuwa, akwai wani ɗan sashe mai suna hifokamfus, ma'ajiyar sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Yana cikin wuraren da ke fara motsewa a cutar Alzheimer, shi ya sa tsoho zai ba ki labarin zamanin Sardauna tiryan-tiryan amma ya manta ya karya kumallo. MRI na nuna motsewar nan, da tabon ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini ya lalata, abin da CT kan tsallake. Ku tambayi ƙarfin na'urar kafin ku biya. Da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisunta, mai tesla 1.5 ta wadatar.

CT na da ranarsa. In Baba ya faɗi ya bugi kai, ko rikicewar ta zo farat ɗaya, a yi shi ranar, yana kama zubar jini cikin mintuna. Haka in akwai na'urar bugun zuciya a ƙirjinsa, ku sanar kafin a shigar da shi MRI, maganaɗisu ne mai ƙarfi.

Ranar zuwa asibiti, wanda ke kwana gida ɗaya da Baba ya raka shi, da ledar magungunan da yake sha duka.