Konga uku da ɗanyar fata: amsa ga yarona a kan Kandido

Yaro, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji labarin rasuwar Kandido Kamero, gwanin makaɗin nan ɗan Kyuba, ka kuma kalle shi a waya yana fitar da waƙa daga cikin konga uku, wato dogayen gangunan nan na Kyuba da ake kaɗawa da tafin hannu, sai ga wani mai ƙungiyar kiɗa ya kawo maka kango uku yana so ka ɗaura musu fata. Kana tambaya ko za ka iya yanka fatun duka daga ƙirgi ɗaya, da kuma yadda za ka ja su har su yi magana irin tasa. Da wani abu dabam ka tambaya da na bar ka ka gano da hannunka kamar yadda aka bar ni, amma wannan tambaya ta fama mini tsohon miki, domin ganguna uku irin waɗannan ne suka taɓa raba ni da kekena, suka kuma kusa raba ni da sunana.

Bari in fara da mutumin, tun da ku yaran yanzu kuna sanin fuskar gwani ba ku san aikinsa ba. An haife shi a birnin Habana na ƙasar Kyuba ranar 22 ga Afrilu 1921, ya rasu a Niyok ranar 7 ga Nuwamba 2020, yana da shekara 99. Kawunsa ne ya fara koya masa kiɗan bongo, ƙananan gangunan nan biyu da ke haɗe, tun yana ƙaramin yaro, a kan gwangwanayen madara. Kafin sunansa ya fito a konga sai da ya iya kaɗa tires, jitar nan ta Kyuba mai tsarkiya shida jere bibbiyu, ya kuma iya babban gogen nan na tsaye mai kaurin murya. Wannan shi ne abin da masu yabonsa suke tsallakewa, alhali kuwa shi ne tushen komai, saboda mutumin da ya saba da tsarkiya kunnensa ya riga ya san tazarar da ke tsakanin murya da murya tun kafin ya ɗora tafinsa a kan fata.

A al'adar kiɗan rumba a Habana da Matansas, kowane makaɗi ganga ɗaya yake riƙewa. Mai tumba, wato babbar konga mai kaurin murya, yana riƙe ƙasa, mai ta tsakiya yana amsa masa, mai kinto kuma, wato ƙaramar mai siririyar murya, yana bin ƙafar mai rawa yana yi mata ado. A 1946 wasu 'yan rawa biyu, mace da namiji, masu suna Karmen da Rolando, suka sami aiki a Niyok, kuɗin tafiya kuwa bai isa a ɗauki makaɗa biyu ba. Aka bar ɗaya a gida aka tafi da Kandido, shi kuwa ya ajiye ganga biyu a gabansa, hannu ɗaya yana riƙe da kiɗan da ba ya motsi, ɗayan yana bin sawun 'yan rawa. Rashin kuɗin jirgi ne ya haifar da abin da yau kowane yaro yake ganin kamar da shi aka halicci konga. Kandido ya riga Cano Pozo, wani shahararren makaɗin konga ɗan Kyuba, isa Amurka, ko da yake sunan Cano ne ya fara tashi lokacin da ya haɗu da mai kakakin jaz Dizi Gilespi a 1947, kafin a harbe shi a wata mashaya a unguwar Halem cikin Disamba 1948 yana ɗan shekara 33. Kandido shi ma ya yi aiki da Gilespi da shugaban ƙungiyar jaz Stan Kenton, a 2008 kuma hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma ta gwanayen jaz.

Ganga ta uku ta shigo ne a farkon shekarun 1950, bayan ya ga yadda mai kaɗa manyan tamburan tagulla a ƙungiyar kiɗan Turawa yake ba kowane tambari muryarsa. A nan ne maganar ta shafi sana'armu. Konga ta asali tsage-tsagen katako ce da aka haɗa kamar yadda ake haɗa durom ɗin katako, fatar kuma da ƙusa ake kafe ta, in ta saki sai a kanga ta a wuta har ta ɗaure. Da wuta za ka iya ɗaga murya, amma ba za ka iya tsayar da ita inda kake so ba, kuma kafin a gama waƙa biyu ta sauka. Sai da zoben ƙarfe da ƙugiya da noti suka shigo, abin da ake jingina wa makaɗin konga Patato Baldes da shi Kandido da maƙeran Habana na lokacin, sannan ganguna uku suka iya zama wuri ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya sami muryoyi da yawa daga kango ɗaya, konga kuwa murya ɗaya take da ita, saboda haka wanda yake son ta yi waƙa dole ya tara su ya raba musu muryoyi.

A 1979 Kandido ya fitar da faifan da ke ɗauke da Jingo, waƙar da asalinta ta ɗan Najeriya ce, Babatunde Olatunji. Faifan ya shiga otal-otal, kuma shi ne ya kawo mini mutumin da zan ba ka labarinsa. Shugaban wata ƙungiyar kiɗa ne da ke wasa a wani otal a Sabon Gari, mai yawan turare da yawan rantsuwa. Ya zo shagona ya ce yana son konga uku irin na Kandido, ya ce na waje sun fi ƙarfin aljihunsa, an kuma gaya masa duk garin babu mai kunnena. Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai ce gaskiyar da na taɓa ji daga bakinsa. Muka yi ciniki, ya ba da kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya rantse zai cika sauran ranar karɓa.

Ban taɓa zuba kaina a aiki kamar wannan ba. Na nemo busasshen maɗaci wanda ya daɗe a ajiye, na tsaya a kan kafinta yana fere kowane tsagi har sai da bakunansu suka haɗu ba tare da haske ya ratsa ba. Maƙerin da ya lanƙwasa zobba ya kuma ƙera ƙugiyoyi ya yi mini aikin bashi ne saboda mutuncin mahaifina. Da asuba na je kwata da kaina na zaɓi ƙirgin bijimi wanda wuƙar fiɗa ba ta taɓa cikinsa ba, na kankare gashin, na jiƙa, na ɗaura. Lokacin hunturu ne, iska tana tsotse ruwa daga komai, shi ya sa na jera su a ƙuryar shago na rufe da buhu domin su bushe a hankali. Na gaya masa da bakina, a gaban mutanensa, cewa kada wanda ya taɓa su sai na ce sun nuna.

Ranar Juma'a ina masallaci ya zo da mota, ya sami yaron da ke mini tsaron shago a lokacin, ya ce ni na aiko shi, wai akwai manyan baƙi a otal a daren, gobe da safe zai dawo da su tare da cikon kuɗi. Yaron, wanda hankalinsa bai wuce naka ba, har da taya shi lodi. Abin da ya faru a daren na ji shi daga bakin mai busa kakakinsu. Fatar tana da sauran danshi, muryar ba ta fita, sai makaɗinsa ya ɗauki sifana ya kama ƙugiya ɗaya ya yi ta juyawa har ta ƙi, ya koma ta kusa da ita, ya bar ɗaya gefen sake. Da abin bai yi ba suka jera gangunan a ƙarƙashin manyan fitilun dandali, wai zafi ya ƙarasa aikin. Kafin tsakar dare fatar kinto ta tsage tun daga baki har tsakiya, zoben ta tsakiya ya karkace, tumba kaɗai ta tsira.

Washegari, maimakon kuɗi, zagi ya kawo mini. Ya tsaya a bakin shagona yana ɗaga murya cewa na ɗaura masa ruɓaɓɓiyar fata na kunyata shi a gaban baƙi, ya ce ba zai ƙara ko kwabo ba, gangunan kuma ba zai dawo da su ba sai na mayar masa da kafin alƙalaminsa. Babu takarda tsakaninmu, shaiduna kuma duk yaransa ne masu cin abinci a hannunsa. Ya bi otal-otal yana yaɗa maganar, har masu kawo mini gyaran bongo suka ɗauke ƙafa na wani lokaci. Maƙeri yana jiran haƙƙinsa, kafinta yana jiran nasa, ni kuwa ba a taɓa bina bashi har gida ba, sai na sayar da kekena na biya su.

Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Bayan wasu shekaru na je biki a wani gari, ina shiga na hango ganguna uku a kan dandali an shafe su da jan fenti mai ƙyalli, an manna musu wata alamar ƙarfe da rubutun Turanci. Ban buƙaci in taɓa su ba, domin na san lanƙwasar ƙugiyar maƙerina, na kuma san muryar tumbar da na fere cikinta da hannuna. Na tambayi mai su, ya ce a hannun wani shugaban makaɗa ya saye su da tsada, wanda ya rantse masa cewa daga Amurka ya yo odarsu. Aikin da ya ce ruɓaɓɓe ne a bakin shagona, shi ne ya sayar da sunan na Amurka, aka kuma yarda. Har yau ban yafe ba, kada kuma ka zo mini da wa'azi a kan haka.

Yanzu ga tambayarka. Jiƙa fata da naɗe ta a zobe da datse abin da ya yi saura ba zan ɓata tawada a kansu ba, wanda bai iya wannan ba bayan shekarun da ka yi a wurina gara ya koma sayar da katin waya. Ɗanyar fata ake ɗaurawa, ba wadda majema suka jeme da bagaruwa ba, wannan ma ina jin kunyar faɗarsa. Ƙirgi ɗaya zai ishe ka in na babban bijimi ne, amma ba wuri ɗaya za ka yanka ba. Bakin kinto inci 11 ne, ta tsakiya inci 11¾, tumba inci 12½, kuma kowace da kaurin da take so. Ni a wurina tumba daga wajen ƙugu ake yanka mata inda fata ta fi kauri, domin muryarta ta zauna ba ta riƙa amo kamar bokiti ba, kinto kuwa daga gefen haƙarƙari inda ta ɗan fi sirantaka, domin mari ya fita da kaifi. Ka guji layin gadon baya saboda kaurinsa ba ɗaya ba ne, ka guji fatar ciki saboda ba ta daina miƙewa. Ka ɗaga ƙirgin a rana ka duba, duk inda ka ga tabon kaska ko lalas ko sawun wuƙa, nan ne za ta tsage. Mutanen Kyuba suna son fatar alfadari saboda taurinta, amma bijiminmu bai gaza ba in an iya zaɓe.

Wajen ja kuwa, kunne ne ke aiki, sifana bawa ce kawai. Kafin ka ɗaura fata ka ƙwanƙwasa kowane kango da ƙashin yatsa ka ji inda muryarsa take, domin katakon yana da tasa, fatar da aka ja ta wuce wannan wuri kuma shaƙewa take yi. Ranar ɗauri ka bar zoben sama da ɗan tsawo, fatar za ta miƙe ta sauko da shi. In ta bushe sarai a inuwa, ka riƙa zagayawa kana ba kowane noti rabin juyi, ka ɗora yatsa ɗaya a tsakiya ka ƙwanƙwasa kusa da kowace ƙugiya har sai duk sun faɗi abu ɗaya. Ka fara da ta tsakiya, ka saukar da tumba mataki huɗu na muryar waƙa a ƙasanta in ka ƙirga da muryar da ka tashi daga kanta, sannan ka ɗaga kinto har inda mari zai fashe ba tare da buɗaɗɗen bugu ya mutu ba. Da hunturu a sassauta su duk bayan wasa, da damina a bar su nesa da ƙasa, a kuma riƙa shafa ɗan man kaɗe a tafi a goga, ba a zuba ba.

Na ga abokanka suna manna waya a bakin ganga wai na'ura ce za ta gaya musu ko murya ta daidaita, suna kuma naɗe yatsunsu da farin filasta saboda sun ga Kandido yana yi. Shi ya yi shekaru fiye da 70 yana dukan fata, su kuwa ko kanta ba su yi ba. Sun ɗauki ganga uku alhali ɗaya ma ba su iya riƙe ta minti goma ba tare da kiɗan ya gudu ba, kuma ba za su iya tafa kilabe, tsayayyen bugun da kiɗan Kyuba yake bi, da hannu suna magana ba. Mai ƙungiyar da ya kawo maka aiki ka ce ya kaɗa maka ganga ɗaya tukuna, in ka ji hannunsa yana rawa ka san cewa fatarka ce za ta ɗauki laifi ranar da ya ji kunya.

Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka taɓa wuƙa, a rubuce, da shaidu biyu waɗanda ba yaransa ba, kuma ko da mahaifinsa ya zo kada ganga ta fita shago sai ta bushe an cika sauran. Ranar Asabar bayan azahar ka kawo mini ƙirgin da kangunan in gani kafin ka yanka, ka haɗo da sifana mai lamba 13, tawa tana wurin wani yaro da bai san ana mayar da aro ba.