Fatawa: Inshorar lafiya da ciwon gaggawa

Tambaya: Allah Ya gafarta Malam, ni ɗan tireda ne a Mabera, ba ma'aikacin gwamnati ba. An tallata mini inshorar lafiya: in biya kuɗi duk shekara, in ciwo ya faɗo mini farat ɗaya ko haɗarin mota, su ɗauki nauyin asibiti. In shekara ta ƙare lafiya lau, kuɗin sun tafi. Abokina ya ce caca ce. Ina gaskiyar take?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, abokinka bai faɗi banza ba, sai dai ya haɗa abu biyu ya yi musu hukunci ɗaya.

Akwai inshorar kasuwanci, inda kamfani ke sayar maka da alkawari don ya ci riba. Ka biya, ba ka san ko za ka karɓa ba, ba ka san nawa ba. Wannan shi ne garari, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin garari. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta ta a zamanta na Jidda a 1985. Sheikh Mustafa Zarƙa ya halatta ta, amma mafi yawan malamai ba su bi shi ba.

A zaman nan kuma majalisar ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful: jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, wanda larura ta sama a cire a yi masa magani. Mu Malikawa ma abin ya fi zo mana da sauƙi, don Imam Ƙarafi ya bayyana cewa a wurin Imam Malik garari yana ɓata ciniki ne, ba ya ɓata kyauta. Ga kuma hadisin Ash'arawa, wata ƙabila ta mutanen Yaman a zamanin Annabi, a Buhari da Muslim: in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi ya ce su nasa ne, shi nasu ne. To ka ga kuɗinka ba su tafi ba. Sun yi wa wani magani, ladan yana nan in niyyarka ta gyaru.

Tsarin gwamnati, irin na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da dokar 2022 ta kafa, da takwararta SOCHEMA ta jiharmu Sakkwato, a ganina ya fi kusa da takaful, tunda ba riba aka sa gaba ba. Shigarsa halal ce. Wanda bai sami irin wannan ba, ko wurin aiki ya tilasta masa ta kamfani, buƙata ta ba shi uzuri.

Na taɓa kwana a bakin ɗakin gaggawa na wani asibiti ina jinyar ɗan'uwa. Wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo mace mai naƙuda tana zubar da jini. Mijin na tsaye, hula a hannu, yana buga waya ɗaya bayan ɗaya a tura masa kuɗin leda biyu ta jini, ƙanensa ya koma ƙauye kama akuyoyi. Tun daga ranar ba na yarda a ce wa mai tanadi ya rasa tawakkali.

Amma kafin ka sa hannu, ka sa a karanta maka takardar, don rage jahilci a yarjejeniya wajibi ne. Tambayi me suke kira gaggawa. In ka faɗi a hanyar Illela ko Tambuwal aka kai ka asibitin da ba shi ka zaɓa ba, za su biya? Cikin awa nawa za a sanar da su? Jini da tiyata da motar asibiti suna ciki? Akwai lokacin jira bayan rajista, akwai iyakar kuɗi? Ka kuma sani, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai ciwon gaggawa, da kati ko babu.

Kai ma akwai amana a wuyanka. Ɓoye tsohon ciwo in an tambaye ka haramun ne, haka ba wa ƙanenka katinka ya je da sunanka, ko da tausayi ya sa, domin asusun dukiyar jama'a ce. Wallahu a'alam.